Makullin Ɗaki a Hannun Tsoho

Akwai wata irin waya da 'ya'ya ke yi wa iyayensu idan tsufa ya fara yi musu nauyi. Gaisuwa ba ta daɗewa, sai tambayoyi su biyo baya kamar ana tuhumar mai laifi. "Mama, kin sha na hawan jinin? Wanne, farin ko ɗan ƙaramin? Kin kashe murhu? Wa ya kama miki wajen wanka?" Amsar kullum ɗaya ce: "Lafiya ƙalau nake, ku daina damun kanku." A ajiye waya, kowa ya san an rufe wa kowa wani abu. Uwar ba ta faɗi cewa ta zame a banɗaki shekaranjiya ba, don tana tsoron hukuncin da za a yanke a kanta idan aka ji. 'Yar kuma ba ta faɗi cewa rabonta da barcin kirki tun watan jiya ba.

Daga irin wannan waya maganar gidajen zama da tallafi ke tasowa. Da an ce za a kai tsoho wani gida, abin da ke faɗo wa mutane a rai gidan gajiyayyu ne: gadaje a jere, warin magani, da bayin Allah da babu mai leƙa su. Wanda ake magana a kansa a nan wani abu ne daban. Gini ne mai ɗakuna ko ƙananan sassa, kowane dattijo da nasa, da banɗakinsa, da kayan da ya kwaso daga gidansa. Ma'aikata suna nan dare da rana, sai dai ba sa yi wa mutum sai abin da ya gagare shi. Ana girki, ana wanki da shara, ana lura da magani, akwai motar kai mutum wajen likita. Matsayinsa yana tsakanin zama a gida mutum shi kaɗai da kwanciya a gidan jinya inda nas-nas ke juya majinyaci a kan gado. Wannan tsakiyar ita ce ta daɗe babu kowa a cikinta, ga shi kuwa a nan tsofaffi masu yawa suke.

Likitoci suna da ma'aunin gane wanda ya kai wannan matsayi. A 1963 wani likitan Amurka mai suna Sidney Katz ya fitar da jerin ayyuka shida da ake duba ko mutum na iya yin su da kansa: wanka, sa tufafi, zuwa banɗaki, tashi daga gado zuwa kujera, riƙe fitsari da bayan gida, da cin abinci. A 1969 aka ƙara wani jerin na ayyukan da suka fi buƙatar lissafi, irin su girki, cefane, shan magani a kan lokaci, amfani da waya da riƙe kuɗi. Galibi na biyun ne ke fara zubewa. Mutum yana nan da hankalinsa, yana hira yana ba da shawara, amma kwalaben magani sun fara rikice masa, tukunya ta ƙone sau biyu a mako, wanka ya koma na bayan kwana uku saboda tsoron santsi. Irin wannan ba majinyaci ba ne. Kwantar da shi a gidan jinya zalunci ne, barinsa shi kaɗai kuma ganganci.

Tarihin abin ya fi kowane bayani nuna manufarsa. Wata Ba'amurkiya mai suna Keren Brown Wilson tana 'yar jami'a mai shekara 19 lokacin da mahaifiyarta ta gamu da shanyewar ɓarin jiki tana da shekara 55. Hankalinta garau, jiki ne ya ƙi, aka kai ta gidan jinya don babu wani wurin. Abin da matar ta riƙa nema ba shi da yawa: ɗan ɗaki nata da wurin ɗora tukunya, kayanta a kusa da ita, ta tashi lokacin da ta ga dama, da ƙofar da za ta iya kullewa. 'Yar ta karanci ilimin tsufa har ta kai digirin digirgir, sannan a 1983 ita da mijinta suka buɗe Park Place a birnin Portland na jihar Oregon, gini mai sassa 112. Mazauna wurin 'yan haya ake kiran su, ba majinyata ba, kuma kowa makullinsa na hannunsa. Masu suka sun ce za a yi ta kwasar gawa, tunda an bar masu rauni da murhu da ƙofa a kulle. Da aka bi diddigin mazaunan na 'yan shekaru, sai aka tarar lafiyarsu ba ta taɓarɓare ba, jin daɗin rayuwarsu kuwa ƙaruwa ya yi.

Ni a ganina makullin nan shi ne zuciyar maganar. Tsufa yana ƙwace abubuwa ɗaya bayan ɗaya, ƙarfi, gani, ji, abokai. Wanda ya fi ciwo shi ne ranar da mutum ya wayi gari ba shi ke yanke wa kansa komai ba. Kuma sau da yawa masu ƙwacewar masoyansa ne, da kyakkyawar niyya. An hana shi fita don kada ya faɗi, an karɓe wuƙa don kada ya yanke, an ɗauke masa kujerar da ya saba da ita don ta tsufa. Mutumin da ya riƙe gida shekara hamsin ya koma neman izinin jikarsa kafin ya leƙa waje. A 1976 wasu masana halayyar ɗan Adam biyu, Ellen Langer da Judith Rodin, sun yi wani ɗan gwaji a gidan tsofaffi a jihar Connecticut. Rukuni ɗaya aka ba kowa shuka aka ce shi zai kula da ita, shi kuma zai zaɓi daren da zai kalli fim. Ɗaya rukunin aka ba su shukar aka ce ma'aikata za su shayar musu. Bayan wata 18, waɗanda aka bar wa ragama sun fi kuzari da walwala, mace-mace ma sun fi ƙaranci a cikinsu. Gwajin ƙarami ne, an kuma yi ta muhawara a kan alƙalumansa, amma duk wanda ya zauna da tsoho ya san abin da ya nuna: wanda ake yi wa komai, a hankali yakan daina yin komai.

Sai amfanin da ido ke gani. Faɗuwa ce ta farko. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa mutum 684,000 ke mutuwa duk shekara sanadin faɗuwa, kuma 'yan sama da shekara 60 ne suka fi yawa a ciki. Karayar ƙugu ita ce babbar barazana, domin kusan ɗaya cikin biyar na tsofaffin da suka karye a nan ba sa cika shekara. Shiga banɗakin gida mai kyau na irin waɗannan ka duba. Babu dakalin da za a tsallaka kafin a shiga wurin wanka, ƙasa ba ta santsi, ga ƙarfen dafawa a bango daidai inda hannu zai kai, ga kujerar zama a ƙarƙashin ruwa, ga igiyar kiran taimako ta sauko har kusa da ƙasa, domin wanda zai ja ta wataƙila a kwance yake. Kada a yaudari kai, ana faɗuwa a can ma. Bambancin yana cikin abin da ke biyo baya. Tsohon da ya faɗi a gidansa shi kaɗai zai iya kwana a ƙasa, sanyi ya shige shi, ƙishirwa ta kama shi, tsoka ta fara lalacewa har ta taɓa ƙoda. A inda ake da mai jin ƙararrawa, mintuna ne.

Magani shi ne na biyu. Dattijo mai hawan jini da ciwon suga da ciwon gaɓɓai yakan tashi da kala biyar ko fiye, wani kafin abinci, wani bayansa, wani da dare kawai. Mantuwa ɗaya, ko shan kashi biyu saboda an manta an sha, ta isa ta kai mutum asibiti. Inda ake rubuta abin da aka ba shi da lokacin da aka ba shi, wannan haɗari yana raguwa sosai. Ma'aikaciyar da ke ganin mutum kowace safiya kuma ita ke fara lura ƙafarsa ta kumbura, ko yau maganarsa ta rikice ba kamar jiya ba. A tsofaffi, rikicewar hankali ta farat ɗaya sau da yawa alamar wata cuta ce da ke ɓoye a jiki, kamar ciwon mafitsara ko na huhu, wadda idan an kama ta da wuri magani kaɗan ya ishe ta.

Na ukun shi ne wanda aka fi rainawa, wato kaɗaici. Mai zaman kaɗaici ba ya girki don kansa, sai ya ɗan taɓa abin da ya samu ya kwanta, rama ta shigo, ƙarfi ya tafi, faɗuwa ta matso. Abu ɗaya ke jan ɗaya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kusan ɗaya cikin huɗu na tsofaffi suna rayuwa a ware daga mutane, har ta kafa kwamiti na musamman a kan batun a 2023. A shekarar ce babban likitan gwamnatin Amurka, Vivek Murthy, ya kwatanta illar rashin cuɗanya da mutane da shan taba sigari har kara 15 a rana. Birtaniya ta naɗa minista mai kula da matsalar kaɗaici tun 2018, Japan ta bi sahu a 2021. Wani zai ce ai tsohonmu yana cikin iyali, ina ya ga kaɗaici? A duba da kyau. Gida ya watse tun safe, manya wurin aiki, yara makaranta, idan an dawo kowa ya duƙufa a kan wayarsa. Ana iya zama cikin mutum goma a yini ba a yi hirar minti goma da kai ba. Abin da teburin cin abinci na irin waɗannan gidaje ke bayarwa, wanda 'ya'ya duk ƙaunarsu ba za su iya ba, shi ne tsara: wanda ya san waƙoƙin da ka sani, ya ga zamanin da ka gani, ba sai ka yi masa bayanin wanda kake nufi ba. Har saɓani da maƙwabcin ɗaki a kan buɗe taga yana da ranarsa, domin mai rigima da wani bai fita daga harkar duniya ba.

Yanzu a juyo wajen iyali, inda maganar ta fi wuyar faɗa. Kusan a kowane gida jinyar tsoho a kan mutum ɗaya take faɗawa, kuma galibi mace ce, 'ya ko matar ɗa ko matar tsohon wadda ita ma ta manyanta. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce mata ke ɗauke da kashi 70 cikin ɗari na sa'o'in kula da masu cutar mantuwa. Sauran 'yan'uwa suna turo kuɗi da shawara daga nesa, mai ɗaki kuwa ita ta san inda yake mata yoyo. Ita ke tashi ƙarfe biyu na dare idan ta ji motsi, ita ke canza zanin gado, ita ke ɗaga mutumin da ya fi ta nauyi har bayanta ya riƙe, ita ke neman uzuri a wurin aiki har a gaji da ita. Wani bincike da Richard Schulz da Scott Beach suka wallafa a 1999 ya gano cewa tsofaffin da ke jinyar abokan aurensu cikin matsi sun fi takwarorinsu haɗarin mutuwa da kashi 63 cikin ɗari a tsawon shekara huɗu. Binciken da suka biyo baya sun nuna ba jinyar kanta ce ke kisa ba, masu yin ta da yawa ma suna samun gamsuwa a cikinta. Matsin da babu hutu a cikinsa ne matsalar. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Akwai kuma abin da ba a cika faɗa ba saboda kunya. Ranar da ɗa ya fara yi wa mahaifinsa tsarki, wani abu yana karyewa a tsakaninsu wanda ba kowa ke iya ɗorawa ba. Uban yana sunkuyar da kai, ɗan yana kawar da ido. Tsofaffi da yawa sun gwammace baƙon da aikinsa ke nan ya ga tsiraicinsu da a ce wanda suka haifa ne. Gajiya kuma tana sa harshe kaifi. Wadda ta kwana ba barci za ta daka wa uwarta tsawa a kan ruwan da ya zube, ta koma ɗaki ta yi kuka, gobe a sake. Idan aikin jiki ya koma hannun waɗanda aka horar, abin da ke dawowa shi ne matsayin kowa. 'Yar ta zo a matsayin 'ya, ta zauna a bakin gado, a yi hirar jikoki da ta mutanen da, ta tsefe wa uwar kai don tana so, ba don jadawali ya ce ba. Wayar nan ta tuhuma ta koma gaisuwa. Wannan, a wurina, shi ne babban abin da iyali ke samu, ya fi barcin da suka dawo da shi.

Sai dai ribar tana da sharaɗi, kuma a nan ake faɗuwa. Zumunta a ƙafa take. Gidan da ya fi kowanne kyau ba zai maye gurbin ɗan da ya daina zuwa ba. Ma'aikata kansu sun san ɗakin da ake ziyarta da wanda ba a ziyarta, kuma ɗan Adam ɗan Adam ne. Wanda ya kai mahaifinsa don ya huta da shi gaba ɗaya, yasar da shi ya yi, ko da ginin na zinariya ne.

Ba kuma kowane gida mai wannan suna ne ya cancanci sunan ba. Bayan tsarin ya karɓu, masu zuba jari suka shigo, aka riƙa manna sunan a kan wuraren da ba su da komai na manufar farko sai fenti da furanni a bakin ƙofa. A Amurka, inda sama da mutum 800,000 ke zaune a gidaje kusan 30,000 na irin wannan, kowace jiha ke tsara nata dokokin, shi ya sa inganci ya bambanta ƙwarai daga wuri zuwa wuri. Babban ciwon sana'ar a ko'ina shi ne ƙarancin ma'aikata: aiki mai nauyi, albashi kaɗan, yau wannan gobe wancan. Alƙaluman Hukumar Lafiya ta Duniya a kan cin zarafin tsofaffi ba su bar kowa da bakin magana ba. Kusan ɗaya cikin shida na 'yan shekara 60 zuwa sama da ke zaune cikin al'umma sun fuskanci wani nau'in cin zarafi a cikin shekara guda, a cibiyoyin kula da tsofaffi kuma biyu cikin uku na ma'aikatan da aka tambaya sun amsa cewa sun aikata wani abu makamancin haka. Annobar korona ta 2020 ta ƙara tona asirin haɗarin tara masu rauni a rufi ɗaya. Wanda bai bincika ba, zai iya gudun gara ya faɗa gidan zago.

Lokaci ma yana da muhimmanci. Yawancin iyalai sai bayan an faɗi an karye suke fara neman wuri, daga gadon asibiti, cikin gaggawa, tsohon ba shi da ta cewa. Wanda ya koma da ƙafarsa, ya zaɓi ɗakinsa, ya yi abokai tun yana da ƙarfin yi, ba a haɗa shi da wanda aka ɗauko a ruɗe. Makonnin farko suna da wuya ko ga wanda ya yarda, saboda barin gidan da mutum ya san kowane lungunsa a cikin duhu wani irin rashi ne, a bar shi ya yi jimaminsa. Sannan tsarin yana da iyaka. Masu cutar mantuwa a duniya sun haura miliyan 55, kuma idan ta yi nisa har mutum yana fita da dare bai san inda za shi ba, makullin da ya kasance 'yanci ya zama haɗari, sai an koma sashe na musamman. Ko a nan ɗin akwai masu ƙoƙarin riƙe manufar. A garin Weesp na ƙasar Holan an buɗe Hogeweyk a 2009, unguwa guda mai tituna da kanti da wurin shan shayi, inda masu cutar ke yawo abinsu, ma'aikata na biye da su cikin kayan gida.

Maganar kuɗi ba ta ɓoyuwa: tsarin yana da tsada, kuma a ƙasashe da yawa daga aljihu ake biya. Ko a Amurka, inshorar lafiyar tsofaffi ta Medicare ba ta biyan kuɗin zama a irin waɗannan gidaje. Ƙasashen da suka ɗauki abin da gaske sun mayar da shi nauyin kowa. Jamus ta kafa inshorar kulawa ta dogon lokaci a 1995, Japan ta fara tata a 2000, inda kowa ke soma biya daga shekara 40. Denmark tun 1987 ta yi dokar da ta tsayar da gina gidajen jinya irin na da, ta koma gina wa tsofaffi gidajen zama da ake kai musu taimako har ɗaki. Sauran duniya ba ta da lokaci mai yawa na yin nata lissafin. A 2020 'yan shekara 60 zuwa sama sun kai biliyan 1, sun ma fi yara 'yan ƙasa da shekara biyar yawa. Ana sa ran su kai biliyan 2.1 a 2050, kashi 80 cikin ɗari a ƙasashe masu ƙarami da matsakaicin arziki, a daidai lokacin da haihuwa ke raguwa, 'ya'ya ke watsuwa neman abinci, matan da aka saba jingina musu jinya kuma suna wuraren aiki.

Ga iyalin da suka kai ga duba wuri, gani ya kori ji. Takardar talla ba ta faɗin komai, haka ma zagayen da manaja zai yi da ku da hantsi. A koma ba tare da sanarwa ba, da yamma ko a ƙarshen mako. A tambayi ma'aikata nawa ke kwana da mutum nawa, da shekarun da mafi daɗewa a cikinsu ya yi a wurin. A tambayi abin da zai sa a ce mazauni ya tashi, da yadda kuɗi ke ƙaruwa idan buƙatarsa ta ƙaru, a kuma ga amsar a rubuce. A zauna a ci abin da suke ci. A je da tsohon, a bar shi ya yi nasa tambayoyin, ko da a kan inda zai ajiye rediyonsa ne. Sannan a ɗan tsaya a baranda a yi shiru, a jira ma'aikaciya ta zo ƙofar wani ɗaki, a ga ko za ta ƙwanƙwasa ta jira a ce mata ta shigo, ko kuwa tura ƙofar kawai za ta yi.